Haihuwa ta Uku

Akuyar ja ce, mai ɗigon fari a goshi, mai kwaɗayin tsiya, kuma ba tamu ba ce. Ta Hajiya ce, matar Baffana da ke Dutsin-Ma. Kiwo aka ba Innata. Ban daɗe da shiga ƙaramar sakandare ba aka sauke ta daga bayan babur a ƙofar gidanmu, a ƙauyenmu da ke ƙasar Kurfi, tana ta ihu har maƙwabta suka leƙo.

Ga yadda ake ba da kiwo a wajenmu. Mai hali za ta sayi akuya ta kai wa wadda ba ta da shi. Ci da sha da magani da bin sawu in ta tsinke igiya, duk suna wuyan mai kiwo. In akuya ta haihu, haihuwar farko ta mai akuya ce. Ta biyu ma tata ce. Sai ta uku ce ke zama ta mai kiwo, ɗaya aka haifa ko tagwaye. Taki kuwa na wadda ta share shi ne. Haka muka taso muka tarar, kuma ban taɓa jin wani ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa mai shan wahalar ce ke zuwa ƙarshe ba.

Baba da Baffa uwa ɗaya uba ɗaya suke. Da kakanmu ya rasu gonaki biyu ya bari. Ɗaya a ƙauye, jigawa mai kyau da ke cika rumbu. Ɗayar a bakin Dutsin-Ma, fako ne da tsakuwa, ko ƙaya da ƙyar take fitowa. Baffa shi ne babba, ya ce ƙaninsa ya fara zaɓa, Baba ya ɗauki ta ƙauye. Tsofaffi sun daɗe suna yaba wa Baffa da haƙuri, suna cewa an bar shi da duwatsu. Sai jami'a ta zo, gari ya miƙe ƙafa ya haɗiye fakon nan. Baffa ya yanka fuloti ya sayar, ya gina ɗakunan haya da shaguna a sauran. Kafin a ankara ya je Makka ya dawo, ya kai matarsa, ya sa wa gidansa ƙofar ƙarfe. Ba zan ce Baffa malalaci ne ba, Allah ya gani ba ya zama. Amma ni a gidanmu na tashi, na san wanda ya fi wani tsagewar tafin hannu.

Ita kuwa jigawar Baba sai ta fara gajiya. Takin zamani ya fi ƙarfinsa. Da kaka, buƙata ta sa ya fitar da gero da wake lokacin da kowa ke fitarwa, farashi na ƙasa. Masu hali su saya su jibge a sito, Baffa ma yana cikinsu. Damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi haske, Baba ya koma kasuwa ya auno irin geron da ya sayar da tsadar da za ta sa mutum ya zauna. Ba wanda ya yi masa fashi. Su suna iya jira, shi ba ya iyawa, bambancin ke nan, kuma kowace shekara ƙaruwa yake yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba yunwa ba ce, don ba mu taɓa kwana da ita ba. Wata rana ce kawai na lura Baba ya daina ce wa yayansa Yaya, ya koma ce masa Alhaji. In waya ta shigo daga Dutsin-Ma, sai ya miƙe tsaye ya amsa, alhali babu mai ganinsa sai mu da kaji. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, dangin Baba na kwaso. Sau da yawa Inna kan zungure ni da gwiwar hannu kafin in buɗe shi.

Inna ba ta da surutu. Tun da aka kawo ta gidan, in ban da kaji, ba ta taɓa mallakar abu mai numfashi ba, su ma kajin annoba ke share su duk bazara. A ƙauye mace mai akuya tana da ta cewa. Ciwo in ya zo ba ta jiran kowa, suna ko biki in ya taso ba ta zuwa hannu rabbana. Saboda haka da jar akuyar nan ta zo, Inna ta kafa mata turke a inda take hangen ta daga madafa, ta kuma sa ido a kan haihuwa ta uku tun kafin a yi ta farko.

Mun sha wahalarta, ni da ita. Da damina in yanko ciyawa kafin in tafi makaranta. Da rani mu bi gindin gawo muna tsintar 'ya'yansa, mu roƙi dusa a gidajen da aka yi surfe. Inna kan jiƙa mata kanwa, ta cire mata kaska da hannu. Da ta kamu da zawo, Inna ta sayar da tasar aurenta aka yi mata allura. Haihuwar farko tagwaye ta yi. Muka raine su har suka yi ɓul-ɓul, babur ya zo ya tafi da su. Ta biyu ɗan bunsuru ne, shi ma ya bi hanya. Kowane karo Hajiya kan aiko da sabulu da sukari, da saƙon Allah ya yi albarka. Kashin akuyar kuwa ko ɗaya Inna ba ta bari ya ɓata, tana tara shi a bayan ɗaki Baba ya kai gona.

Ciki na uku ya tsufa, hantsarta ta fara cika, sai waya ta shigo. Baba ya miƙe tsaye ya amsa. Da ya gama ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya faɗa mana. Hajiya tana tattara awakinta da ke ƙauyuka, za ta sayar ranar kasuwa. Firiza babba take son saya ta sa a shago, ta riƙa sayar wa ɗalibai ƙanƙara da ruwan sanyi. Za a aiko a ɗauki tamu.

A al'ada, mai dabba tana da ikon karɓar abinta duk ran da ta so. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a taɓa tsayawa an warware ba shi ne, in dabbar tana ɗauke da cikin mai kiwo fa? Yawanci mai kiwo kan haɗiye ne, a ba ta atamfa ko kwalin sabulu, ta ce ta gode.

Ni ban haɗiye ba. Na ce wannan zalunci ne tsagwaronsa. Na ce ashe mu bayin Hajiya ne ba mu sani ba. Na faɗi wasu maganganun da har yau ba na son maimaitawa. Baba ya ce, "Kayanta ne. Mi za mu ce?" Inna kuwa tankaɗe take yi, ba ta ko ɗago kai ba, har na fara jin haushinta ita ma.

Washegari da safe na fito na tarar ta ɗaure damin harawa, ta cika kwarya da dusa, ta ƙulle kayan sawarta a zane. A gefe ga tsintsiya da wani buhu babu komai a ciki. Ta durƙusa a gaban Baba.

"Malam, ina neman izini in kai wa Hajiya akuyarta da hannuna. In yi zumunci kuma, na kwana biyu ban je ba."

Baba ya dubi kayan. "Buhun hwa?"

"Na taki ne."

Ya dube ta, ya sake duban buhun. Ina jin ya fahimci rabin abin, ya kuma zaɓi kada ya tambayi sauran. Ya ce, "Allah shi kiyaye hanya. Ki gaishe da Alhaji." Hutu muke yi a lokacin, saboda haka ni aka ɗora wa damin harawa.

A bayan a-kori-kura muka tafi, tsakanin buhunan gawayi, Inna ta rungume cikin akuyar duk inda aka faɗa rami. Gidan Baffa tsakar gidansa duk tayil ne, da furanni a jikin bango. A baya, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, an riga an ɗaure awaki da yawa da aka kwaso daga ƙauyuka. Hajiya ta tarbe mu da fara'a. Gaskiya ba muguwa ba ce, tana da kyauta, tana da son mutane. Amarya take ce wa Inna, tun ranar da aka kawo ta dangin sunan bai sake ta ba. Aka kawo ruwan sanyi, aka gaisa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya.

Sannan Inna ta ce, "Hajiya, ga akuyarki na kawo maki, lahiya lau."

"Madalla, Amarya. Ai da kin bari an zo an ɗauka. Ga wata atamfa nan na aje maki."

"Na gode, Allah shi saka. Sai dai cikin da ke jikinta nawa ne, na ukku ne. Tunda ba a raba su yanzu, zan zamna nan in jira shi hito."

Hajiya ta yi dariya har da tafa hannu. Inna ma ta yi murmushi. Sai ta juyo ta ce mini in kai ƙunshin kayanmu ɗakin baƙi. Da na ɗauka na nufi ɗakin, dariyar Hajiya ta tsaya.

A nan ne na gane hikimar tsohuwar nan. Matar ƙanin miji ce ta zo zumunci. Duk faɗin ƙasarmu babu matar da za ta dubi irin wannan baƙuwa ta ce yaushe za ki tafi. In ta yi, kafin rana ta faɗi dangi sun ji, kuma da shi za a riƙa tuna ta. Inna ba ta hana akuya ba, ba ta ɗaga murya ba, ba ta kai ƙara wajen kowa ba. Zama kawai ta yi, ladabin Hajiya ya ɗaure Hajiya.

Da yamma Hajiya ta same ta a gindin mangwaro. "Haba Amarya, a kan wagga 'yar magana? In an saida ta zan ba ki wani abu mai kauri."

"Ba wani abu na yi wa kiwo ba, Hajiya. Ɗiyan na yi wa. In kin matsu ki saida, ki saida, taki ce. Sai dai a hwaɗa wa mai saye cikin yana da mai shi. In bi shi gidanshi in zamna can."

Ranar kasuwa dillali ya zo da mota. Inna ta gaishe shi da kyau, ta tambayi iyalinsa, sannan ta faɗa masa abin da ta faɗa wa Hajiya, kalma ba ta canza ba. Mutumin ya taɓa cikin jar akuya, ya dubi Inna, ya dubi Hajiya, ya ce, "Hajiya, wagga da magana cikinta. A bar ta tukuna." Ya kwashe sauran. Ina tsaye ina kallo ana jefa su mota. Akwai wata baƙa a cikinsu, cikinta ya kusa kai na tamu. Ban san daga wane ƙauye aka kawo ta ba, ban san ko na nawa ne cikin ba. Na dai san akwai wata mata a wani wuri da ta tsinci 'ya'yan gawo saboda ita, kuma ba ta zo ba. Na yi ta tunaninta har dare.

Muka zauna. Kuma ban taɓa ganin baƙuwa irin Inna ba. Kafin kowa ya tashi ta share gidan tas, ta taya girki, ta tsince shinkafa, ta yi wa 'yan gidan kitso. Ba ta bar wata kafa da za a ce ta zama nauyi ba. Sai dai duk safiya, bayan ta share tayil ɗin Hajiya, za ta ware kashin akuya ta juye a buhunta ta ɗaure baki. Ita kuwa jar akuya ta samu wuri. Ta tsinke ta cinye furannin Hajiya har saiwa. Ta ja hijabin da aka shanya ta tauna gefensa. Ɗaliban da ke haya a ɗakunan waje suka riƙa leƙowa suna dariya. Ƙawayen Hajiya in sun zo suka tambaya, Inna sai ta ba su labari tiryan-tiryan, cikin ladabi, ba ƙari ba ragi. Hajiya ta riƙa shigewa ɗaki tana cewa kanta ke ciwo.

'Yar Baffa sa'ata ce, a ɗaki ɗaya muke kwana. Wata rana tana danna waya ta ce mini, "Wai duk wannan abin a kan ɗan akuya ne? Ba ku jin kunya?" Na buɗe baki zan wanke ta, sai na ga fuskarta. Ba raini ba ne, da gaske take tambaya, ba ta sani ba. Wayar da ke hannunta ta fi akuyar da abin da ke cikinta. Kakanmu ɗaya da ita, tafiyar da ke tsakanin gidajenmu ba ta kai a gaji ba, amma ba ta da ta inda za ta gane. Duk da haka ban ƙyale ta ba. Na ce mata kunya tana wajen wanda ya ci biyu ya dawo neman ta uku. Ta yi fushi, muka yini ba mu yi magana ba, ni kuwa ko a jikina.

Magana ta kai masallacin unguwa. Wata rana bayan la'asar Baffa ya aika a kira Inna. Ta durƙusa can nesa da shi, ta kawar da kai gefe kamar yadda ake yi wa yayan miji. Ni na laɓe a bakin ƙofa.

Baffa ya ce, "Amarya, magana ta ƙare. Na saye akuyar daga hannun Hajiya, na ba ki ita kyauta, uwa da ciki. Gobe a sa ku mota ku koma gida. Mutane sun hwara magana."

Akuya sukutum! Saura kaɗan in faɗo ɗakin in amsa mata.

Inna ta ce, "Allah shi ƙara arziki, Alhaji. Amma uwar ba tawa ba ce, ba ni da komi cikinta. In na amshi kyauta, ya zama ba ni da gaskiya ke nan, tausayina aka ji. Ni abin da na yi wa wahala nike jira."

"In ta mutu wajen haihuwa hwa? Ko ta yi ɓari?"

"Sai in san Allah ne bai ba ni ba."

Baffa ya ce, "Ƙanena ya san da wagga magana?"

"Ya ce in gaishe ka."

Baffa ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce ta tashi ta tafi, Allah ya sauki akuya lafiya. Ni kuwa da muka koma ɗaki na tasa ta a gaba. Na ce Inna, an ba ki duka kin ƙi, yanzu in wani abu ya faru mun tashi a tutar babu. Ta ce in je in ba akuya ruwa.

Tambayar Baffa ta zauna mini a rai, don kuwa akuyar ta fara ƙin cin abinci. Ko sauyin wuri ne, ko furannin da ta ci, oho. Ta riƙa kwanciya tana nishi. Na ga Inna ta rage barci, ta rage cin abinci ita ma, amma ko sau ɗaya ba ta ce da na sani ba.

Da hantsi naƙuda ta zo, ta kuma zo da gardama. Akuya ta yi ta yunƙuri babu labari. Inna ta wanke hannu ta shafa man gyaɗa, ta ce in riƙe kan. Na riƙe, akuya na fizgewa. Sai na ji an ture ni gefe. Hajiya ce. Ta tuɓe zobbanta ta miƙa mini, ta durƙusa da leshinta a ƙasa ta danne kan akuyar a cinyarta. A wani ƙauye kusa da Zobe aka haife ta, na sha ji ana faɗa, amma sai ranar na yarda.

Na farko ya fito, namiji, babu rai. Inna ta ajiye shi gefe. Ni na fara kuka, ina cewa a zuciyata shi ke nan, an ba mu akuya mun ƙi. Inna ta sake shafa cikin ta ce akwai saura. Ta biyun ta fito laƙwas, ita ma kamar babu rai. Inna ta share mata hanci da yatsa, ta hura mata iska, ta kama ƙafafunta na baya ta girgiza, ta goge ta da tsumma da ƙarfi. Muna tsaye ba mai numfashin kirki. Sai 'yar abar ta yi atishawa, ta ɗaga kai, ta saki wani siririn kuka.

Mace ce, ja kamar uwarta.

Ban taɓa jin alfahari da wani mahaluki kamar yadda na ji da Innata a wannan hantsin ba. Tana durƙushe a kan tayil ɗin mutane, hannu duk jini da majina, zanenta ya ɓaci, fuskarta kuwa ko sarauniya albarka.

Hajiya ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "To Amarya, ga taki nan. Allah shi raya."

"Amin, Hajiya. Na gode da hannu da kika sa. Saura shan nono."

Hajiya ta ɗora hannu biyu a ka. "Na shiga ukku! Ki kwashe su ku tahi, don Allah. In ta yaye ki maido mani uwar." Sai kuma dariya ta kama ta, ta kama Inna, har 'yar Baffa da ke leƙe ta taga.

Da za mu tafi na ga firizar a shago, an riga an kawo ta tun bayan ranar kasuwa, tana ta aiki. Rashin jar akuya bai rage mata ko marfi ba. Abin da mu muka ɗora rayuwarmu a kai, a gidan Baffa ko giɓi bai yi ba. Muka hau mota da uwa da 'ya da buhun taki ya kusa cika.

Da aka yaye, Inna ta mayar da uwar da ƙafarta, akuyar ta yi ƙiba tana sheƙi, Inna kuwa ranar ko kwana ba ta yi ba. Hajiya ba ta ƙara ba ta kiwo ba, ita ma ba ta nema ba. Zumunci dai bai yanke ba. Har yau in sun haɗu a biki Hajiya kan ce a ɓoye furanni ga Amarya nan.

'Yar jar nan ta girma ta yi albarka, tagwaye take zubawa. A hankali turke ya zama turaka, bayan ɗaki ya cika da taki, jigawar Baba ta fara farfaɗowa. Da awakin nan na gama sakandare, da su na yi kwalejin horon malamai, yau ina koyarwa a Dutsin-Ma. Kada in yi ƙarya, ba mu kamo Baffa ba, ba mu ma kama hanyar kamo shi ba. Ya ƙara bene a kan shagunansa. Amma Baba ya daina fitar da wake da kaka, in buƙata ta taso bunsuru ake kai wa kasuwa, wake ya jira farashi. Kuma a zaune yake amsa waya.

A wajen aiki nakan ji ana muhawara a kan yadda masu shi ke ƙara samu, marasa shi na ƙara nutsewa, da abin da ya kamata hukuma ta yi. Ina sa baki, don ba na iya shiru. Akwai abubuwa da yawa da sai hukuma, makaranta da asibiti da taki da hanya. Amma nakan ce musu su duba ko'ina, za su ga tsarin kiwon nan ne. Mai hali ke ɗiba da farko, mai wahala a ce ya jira, kuma duk abin da ya faru a tsakani, ciwo ko fari ko sauyin ra'ayi, a kansa yake ƙarewa. Wannan ba a littafi na koya ba.

Ran da awakin Inna suka yi yawan da ita ma za ta ba da kiwo, sai ta kira wata maƙwabciyarmu. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, wankau da surfe take yi. Inna ta miƙa mata igiyar wata budurwar akuya ta ce, "Haihuwar hwarko taki ce. Ta biyu tawa. Haka za mu riƙa yi."

Matar ta ce, "Inna, ai ba haka ake yi ba."

"Haka nike yi."

Magana ta zaga gari. Wasu masu ba da kiwo suka ji haushi, har aka samu Baba a dandali aka ce matarsa za ta ɓata al'ada, gobe kowace mai kiwo za ta ce ita ma sai ta farko. Baba ya ce awakinta ne, shi bai da ko ƙafa ɗaya a ciki, mai magana ya je ya same ta. Babu wanda ya je. Yanzu a ƙauyenmu akwai masu bin tsarin Inna, akwai masu bin na da, amma mai kiwo ta san akwai zaɓi, kuma tana tambaya kafin ta karɓi igiya.

Ita maƙwabciyar tamu ba ta yarda har zuci ba. Ta ɗauka irin maganar da manya ke yi ce don daɗin baki. Akuya ta haihu, 'ya mace, ta raine ta har aka yaye. Ina gida ranar, na zo hutu. Sai ga ta ta yi sallama, rungume da 'yar akuyar, ta wanke ta fes. Ta durƙusa ta ajiye ta a gaban Inna ta ce ga amana ta kawo.

Inna tana tsinke zogale. Ta dubi 'yar akuyar, ta dubi matar.

"Mi ya kawo akuyarki gidana?"

Matar ta dube ni, na gyaɗa mata kai. Sai ta ja gefen mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Inna ba ta rarrashe ta ba, ta bar ta ta yi mai isarta. Da ta lafa, ta sunkuya ta ɗauki abarta. Har ta kai zaure sai ta juyo ta tambaya ko Inna tana da guntuwar igiya, don ita ba ta taɓa tanadar tata ba.

Inna ta ce in kwanto mata sabuwar da ke rataye a bakin rumbu.